CPU-Z ce ta nuna min inda ram ɗina ya maƙale

Wallahi na daɗe ban ga ƴar ƙaramar manhaja mai amfani irin CPU-Z ba, wadda ke nuna maka bayanan kayan cikin kwamfutarka, ga ta kyauta, kamfanin CPUID ne ke yinta, kuma akwai wadda ko girka ta ba sai ka yi ba, buɗewa kawai zakai.

Furosesa na Ryzen 5 3600 ce, modabod ɗin mai gurbin ram huɗu, na ƙaro wani 8GB DDR4-3200 na soka shi jikin na farko, Windows ta nuna 16GB amma saurin nan da nake jira shiru kake ji. Ina buɗe shafin Memory sai ga wajen Channel, wato layin da data ke bi tsakanin ram da furosesa, ya nuna layi ɗaya ne ke aiki maimakon biyu, ashe gurabe biyun da ke manne da juna layi ɗaya suke hawa. Na kashe na cire na maida su gurbi na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga furosesa, wato A2 da B2, nan take layi biyu ya tashi.

To sai lambar DRAM Frequency, nan ne mutane da yawa hankalinsu ke tashi a banza. Rabin saurin take nunawa domin DDR sau biyu yake tura data a kowane bugu, nawa wajen 1066 na gani wato a 2133 yake tafiya ba 3200 ɗin da ke jikin kwali ba, sai da na shiga BIOS, wato saitin modabod, na kunna XMP, saitin da ke sa ram ya yi gudun da aka rubuta masa, sannan ya koma 1600 wato 3200 kenan.

Amma inda ta fi burge ni shafin SPD ne. Gurbi-gurbi zaka zaɓa ka ga girman ram ɗin, wanda ya ƙera shi, lambarsa, da ko rank ɗaya ne ko biyu, wato rukunin chip nawa ne a jikinsa, abin nan da ake rubutawa 1Rx8 ko 2Rx8 a jikin sitika wanda yawancinmu ko kallonsa ba ma yi. Kuma yana da muhimmanci sosai fa, ita wannan furosesar 3200 kamfanin AMD da ya ƙera ta ya lamunce mata da ram biyu, in ka cika gurabe huɗu da masu rank biyu lamunin ya sauko 2667 kenan. Da na ga haka na fasa cike sauran guraben, gara daga baya in sayi 16GB guda biyu.

Abin da ba za ta faɗa maka ba shine iyakar ram ɗin da bod zai ɗauka, sunan bod ɗin zata baka a shafin Mainboard sai kai ka je shafin kamfanin ka duba bayanan bod ɗin da jerin QVL, wato ram ɗin da suka gwada a kansa. Dan Allah mai furosesar Intel zubi na 12 ko na 13 ya duba wannan sunan kafin ya sayi komai, furosesar tana karɓar DDR4 da DDR5 amma shi bod ɗin ɗaya kawai yake ɗauka a cikinsu, kuma duk da fil 288 ne da su duka, tsagin ƙasansu ba wuri ɗaya yake ba, ba zai ma shiga ba.