'Ya'yan filaks: tsaba za ki saya ko gari, kuma giram nawa ne a cokali?

Uwargida in kin je sayen 'ya'yan filaks, wato flaxseed a Turance, iri biyu za ki tarar, akwai tsabar da ba a niƙa ba, ƙanana masu sheƙi kamar riɗi sai dai sun ɗan fi shi girma, akwai kuma garin da kamfani ya riga ya niƙa. Kala ma biyu ce, ruwan ƙasa da ruwan zinare, amma wannan kada ya ɗauke miki hankali, amfaninsu kusan ɗaya ne, ki ɗauki wanda ya fi sauƙin kuɗi kawai.

Inda ake samun rikici shi ne wajen awo, don cokalin tsaba da cokalin gari nauyinsu ba ɗaya ba ne. Babban cokalin awo mai mil 15, in an cika shi an shafe bakinsa, yana ɗaukar tsaba kusan giram 10, gari kuwa giram 7 ne kacal saboda da zarar an niƙa sai ya tashi, iska ta shiga tsakani. Ƙaramin cokalin shayi mai mil 5 kuma tsaba giram 3 da ɗan ɗoriya, gari giram 2 da rabi. To kin ga in aka ce ki zuba giram 20 a kwaɓin burodi, babban cokali 2 ne in tsaba ce, in gari ne kusan 3. Haka ledar giram 250, ta tsaba za ta ba ki cokali 25, ta gari wajen 35, sai mutum ya ɗauka garin ya fi auki alhali nauyin ɗaya ne.

Ni dai tsabar nake ba da shawara a saya. Gaskiya ne in aka ci ta haka ba niƙa yawanci wucewa take ta fita yadda ta shiga, ɓawon na da tauri, jiki ba ya samun man da ke ciki. Amma shi garin kamfani man nasa a buɗe yake, ga zafin garinmu ga rashin wuta, firij ɗin ma sai ya wuni a kashe, nan da nan za ki ji ya fara wari yana ɗaci a baki, kuma ba ki san tun yaushe yake zaune a kan kanta ba. Ki sayi tsaba, ki riƙa niƙa na sati ɗaya a ƙaramin kofin blanda na kayan yaji, ki zuba a kwalba mai murfi. Turmi ba ya yi sosai, santsi gare su sai su yi ta tsalle. Wadda ba ta da blanda ta sayi garin amma ƙaramar leda, ta duba ranar lalacewa.

Sai abin awon. Cokalin cin abinci na gida ba abin dogaro ba ne, wani zurfi wani faɗi, ga shi kowa da irin tozon da yake yi. In a kunu ko yogot ko fura za ki barbaɗa ba komai, shi ma ya isa. In kek da burodi ne ki sayi jerin cokulan awo, ba su da tsada kuma ba ruwansu da batir. Sikeli na dijital ya fi dacewa da mai yin na sayarwa, sai dai masu arahar kan yi rawa in abu bai kai giram 5 ba. A lura kuma, babban cokalin Ostareliya mil 20 ne, in girkin nasu kike bi sai ki ƙara.

Masu sa shi a madadin ƙwai, gari ake so ba tsaba ba: babban cokali 1 da ruwa babban cokali 3, a bar shi minti 5 zuwa 10 ya yi yauƙi, ya tsaya a matsayin ƙwai ɗaya a kwaɓi. In yanzu za ki fara ci ki fara da ƙaramin cokali ki sha ruwa sosai, don yana kumbura ciki in an yi masa garaje.