Legas, Kalaba ko Jidda: ina za a kai yara su ga teku?

Yaron da ya tashi a Kano, iyakar ruwan da ya sani kududdufin unguwa ne, sai madatsar Tiga in an taɓa kai shi. Don haka in maigida ya ce bana yara za su ga teku, kafin a shiga maganar tikiti da masauki a fara duba irin ruwan da za a kai su, da abin da za su yi in sun gaji da kallonsa. Wurare uku nake ganin sun cancanci a auna.

Legas ta fi kusa da aljihu. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, ba fasfo, ba biza, ba canjin kuɗi. Sai dai tekun Atlantika ba wurin koyon iyo ba ne. Igiyarsa tana zuwa da ƙarfi, in za ta koma kuma sai ta zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum, babba ma sai ya yi tangal-tangal, balle ɗan shekara shida. A bakin tekun Elegushi yara za su hau doki, su yi gini da yashi, su jiƙa ƙafa hannunsu cikin na babba, iyakarsa ke nan. A je da safe a ranar aiki, domin yammacin Asabar da Lahadi kiɗa ne da shaye-shaye, ba inda mutum zai zauna da iyalinsa. Wanda ya san Legas tun da, ya cire Bar Beach daga lissafi, an cike wurin an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic. Ruwan da ya fi kwanciya yana Tarkwa Bay, amma sai a jirgin ruwa ake zuwa. Kada yaro ya shiga jirgin sai an ɗaura masa rigar kariya daidai jikinsa, kuma a juyo tun rana ba ta yi sanyi ba.

Abin da ya ɗaga Legas a wurina yana kan tudu. Gandun dajin Lekki Conservation Centre, wanda aka kafa a 1990, hekta 78 ne na kurmi da fadama a tsakiyar gine-gine. Ana bin hanyar katako, birai na leƙowa daga reshe, kuma in yaro ya riƙe biskit a fili kafin ya ankara sun fizge. Akwai gadar sama mai tsawon mita 401 da ke lilo tsakanin bishiyoyi, ta matasa ce da masu ƙarfin zuciya. Ƙanana a bar su a filin wasan da ke ciki, wurin tafkunan kifi.

Sannan gidan tarihi na Onikan. A nan aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, da hujojin harsashi a jikinta. Yaron da kullum yake wuce Asibitin Murtala, yake ganin fuskarsa a takardar naira 20, ya kamata ya tsaya gaban motar nan ko sau ɗaya. Abinci da wurin sallah ba matsala, 'yan'uwa na nan a Obalende, Agege da Idi-Araba. Cunkoson motoci ne abokin gaba: a kama masauki ta ɓangaren Lekki, kuma wuri ɗaya a rana ya isa.

Kalaba gari ne mai natsuwa, akwai Marina Resort da gidan tarihin cinikin bayi, akwai unguwar Hausawa ta Bogobiri. Amma a bakin kogi take, yaron da aka yi wa alkawarin teku ba zai ga abin da aka faɗa masa ba. A Disamba kuma bikin raye-rayen kan titi na Calabar Carnival kan mamaye garin, da shigar da yawancinmu ba za mu so yara su gani ba.

Jidda ta fi dacewa da masu ƙananan yara, in da hali. Bahar Maliya ba ta da haukar Atlantika, duk da haka ba a iyo sai inda aka keɓe. Bayan la'asar iyalai kan shimfiɗa darduma a gaɓar teku, ga lilo, ga masallaci kusa, uwargida ta zauna da hijabinta ba mai kallonta. Da dare marmaron Sarki Fahad na cilla ruwa sama kusan mita 300. Gidan kifaye na Fakieh, da aka buɗe a 2013, yana nuna wa yaro abin da ke ƙarƙashin ruwa ta bayan gilashi, ba tare da ya jiƙe ba. Tsohon gari, Al-Balad, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2014. Ga Makka kamar kilomita 80, sai a haɗa da Umara. Nauyin dai ba kaɗan ba ne: fasfo da biza ga kowane yaro, katin rigakafin cutar shawara, sannan kowane riyal da naira za a saye shi.

Lokaci ma yana cikin zaɓin. Dogon hutun makaranta yana faɗowa a Agusta, lokacin da tekun Legas ya fi tashi, Jidda kuma zafi da gumi sun hana fita da rana. Hutun Disamba ya fi kyau a duka biyun, amma kuɗin jirgin Legas yana hawa sosai, sai an sayi tikiti da wuri.

Mai yara 'yan ƙasa da shekara 7, in aljihu ya ɗauka, ya nufi Jidda. Wanda yaransa suka kai ƙarshen firamare ko suka shiga sakandare, Legas za ta fi ba su abin gani da abin tambaya, kwana huɗu sun wadatar: ɗaya na gandun Lekki, ɗaya na Onikan, ɗaya na bakin teku, ɗaya a bar shi don hutawa ko ranar da ruwan sama ya hana fita.