Gargaɗi ga masu manyan motoci: a kula da masu cewa za su ja wa kwamfireson AC layinsa na daban

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu motoci. Abin da zan faɗa a kaina ya faru, kuma tun da na fara ba da labarin na gamu da direbobi biyu da aka yi wa irinsa, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Mota ƙirar Kanta gare ni mai batir biyu, wato mai bolt 24, ina ɗaukar hatsi da ita daga Dawanau. Da zafin watan Maris ya kankama sai AC ɗinta ya fara wani hali: ya yi sanyi na ɗan lokaci, in ji ƙas, kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin AC, ya saki, can kuma ya sake kamawa. Wata rana na tsaya cin abinci a wani wurin da manyan motoci ke yada zango, ina ba yaron motata labarin, sai wani matashi mai jakar kayan aiki ya matso ya gaishe ni. Ya ce shi ɗan rewaya ne. Ya leƙa injin bai fi minti biyu ba ya ɗago ya ce, "Alhaji, wayarin ɗin motar nan ya tsufa, wuta ba ta isa kwamfireso. Bari in ja masa layinsa shi kaɗai da rile, ka huta har abada."

Maganar ta shige ni ne saboda akwai gaskiya a cikinta. Rile wani ɗan makunni ne da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya ba babbar wuta hanya. Ana yin wannan aiki, kuma idan waya ta tsufa ko makunni ya fara cin wuta, shi ne maganin. Da wannan gaskiyar suke farautar mutane. Na biya shi kuɗin sabon rile da fis da waya da gwangwanin gas ɗaya, ban da ladan hannu. Cikin abin da bai kai awa guda ba ya gama, ya naɗe komai da baƙin tef tamau, ya maƙala mini wani ɗan makunni a ƙarƙashin sitiyari ya ce da shi zan riƙa kunnawa. Gas ɗin ma haka ya ɗura shi, ba agogon awo. Na kunna, sanyi ya buso har na ji a ƙashina. Da zan tafi ya ba ni lambarsa ya ce in kwamfireson ya taɓa ba ni matsala in kira shi, yana da 'yan Beljiyam masu kyau.

Kwana uku da yin aikin iska ta fara raguwa a hanya mai nisa, in na tsaya kuma sai ruwa ya yi ta ɗiga a kan tabarmar gefen yaron mota. Ashe ƙanƙara ce ke toshe cikin na'urar da ke fitar da sanyin. Abin da na daina ji gaba ɗaya shi ne wannan ƙas ɗin, na ɗauka gyaruwa ce. Ana cikin mako na biyu, ina tafe da kaya, sai wani ƙara mai tsini ya tashi daga injin, warin roba ya cika gaban mota. Kwamfireso ya ƙame, bel yana ta gogarsa yana hayaƙi. Allah ya taimake ni na tsaya da wuri.

Na kai motar wurin wani dattijo ɗan rewaya da ya daɗe a sana'ar. Ya sa reza ya tsaga tef ɗin a gabana, ya kira ni: "Zo ka gani da idonka, Malam." Rilen yana nan a ɗaure, amma ƙafafunsa biyu kawai ke da waya, su ma guntaye ne da aka yanke aka cusa cikin tef, ba sa zuwa ko'ina. A jikinsa an rubuta 12V, a motar da ke aiki da 24. Da ma an haɗa shi da gaske, da tuni ya ƙone. Ainihin haɗin kuwa waya ce guda daga batir zuwa ɗan makunnin nan, daga makunni zuwa kulocin kwamfireso, wato abin da ke sa kwamfireso ya kama in wuta ta zo masa, dayarek. Fis babu. Baba ya kankare wayar da bakin reza sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan: alminiyam ce aka yi wa fentin tagulla. Ta ratsa ta ramin ƙarfe ba ko robar kariya, har fatarta ta fara cinyewa. Wannan ya fi kwamfireson tayar mini da hankali, domin waya mara fis in ta taɓa jikin mota wuta ce, ga buhuna a baya.

Sannan ya nuna mini soket ɗin sensar matsin gas a zare, yana lilo. A nan duk cutar take, kuma ina roƙon ku fahimci wannan wurin ko da kun manta sauran.

Gas ɗin AC, wato R134a da yawancin motocinmu ke sha, shi ne ke zagayawa da man da ke shafe cikin kwamfireso. Idan gas ya zube, mai ba ya dawowa yadda ya kamata, kwamfireso ya koma juyawa a bushe. Saboda haka kamfani ya sa sensa a kan bututu: matsi ya yi ƙasa sosai, ta yanke wuta, ya yi sama fiye da kima, kamar in fankar kwandensa, wato lagireton AC, ta mutu ko ƙura ta toshe ta, nan ma ta yanke. Akwai kuma wata da ke hana ƙanƙara daskarewa a ciki. Wannan kamawa da sakin da ya dame ni tun farko ba lalacewar waya ba ce. Gas ne ke yoyo ta wata 'yar robar mahaɗin bututu, sensa kuma tana aikinta na kare mini kwamfireso. Abin da ya kamata a canza roba a cika gas, sai mutumin nan ya cire mai gadin ya karɓi kuɗina.

Baba ya ɗauko rile mai kyau ya koya mini yadda aikin gaskiya yake. A ƙasan rile akwai lambobi kusa da kowace ƙafa. Lamba 30 ita ke karɓar wuta daga batir, kuma dole a sa fis kusa da batir ɗin, galibi mai amfiya 10, tunda kuloci ba ya cin wuta da yawa. Lamba 87 ita ke kai wa kuloci. Lamba 85 da 86 su ne masu tayar da rilen: ɗaya ta tafi jikin mota, ɗaya kuma a haɗa ta da tsohuwar wayar kamfani da a da take zuwa kuloci. Da haka maɓallin AC na gaban mota da sensocin nan duka suna nan da ikonsu, rile kawai yana ɗauke musu nauyin wuta ne. Duk wanda ya ce zai ja maka layi amma ya yi watsi da tsohuwar wayar, ba rile ya sa maka ba, kashe kariya ya yi.

Asarar ba ta tsaya a kwamfireso ba. Da ya ƙame ya watsa ɓarɓashin ƙarfe cikin bututai, sai da aka wanke layin duka, aka canza kwandensa da diraya da bawul. Na yi ta zirga-zirga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano neman kaya, mota ta yi kwanaki a ajiye, lodi ya wuce ni. Na kira lambar da ya ba ni don in ji me zai ce. Ban gama bayani ba ya fara kira mini farashin ɗan Beljiyam, har da cewa in kawo masa tsohon zai rage mini. Da na ambaci rilen da ba a haɗa ba sai ya kashe waya, tun daga ranar ba ta sake shiga ba. Ɗaya daga cikin direbobin da na faɗa muku ya riga ya sayi kwamfireso a hannun wanda ya yi masa irin wannan haɗin, bai san daga inda matsalar ta faro ba.

Don Allah in AC ɗinka na yankewa, kada ka bari a taɓa waya sai an fara ɗora agogon awo an ga matsin gas. In har aikin rile ya zama dole, ka tsaya a kansa, ka karanta ko 12V ne ko 24V daidai da motarka, ka ga fis da idonka kafin a naɗe tef. Bayan an gama, mota na aiki, AC a kunne, ka ce a zare soket ɗin sensar matsi a gabanka. Dole kuloci ya saki nan take. In ya ci gaba da juyawa, kada ka biya, kuma kada ka tayar da motar daga wurin sai an kwance haɗin.

Wanda aka riga aka sa wa ɗan makunni a ƙarƙashin sitiyari, ya bar shi a kashe, ya sauke gilashi ya yi haƙuri da zafin har ya isa wurin ɗan rewayan da ya sani, wanda ke da shago a wuri ɗaya.