Baba ya gaji ne, ko barci yake ji?

Wata 'yar'uwa daga Garwa, a arewacin Kamaru, ta kawo tambaya game da mahaifinta, dattijon da likita ya tabbatar yana da cutar Parkinson, wadda a gida muke ce wa ciwon karkarwa. Ta ce tun da sassafe maganarsa ɗaya ce, "na gaji". Bayan Azahar kuma sai a gan shi yana gyangyaɗi a rumfa har carbi ya suɓuce masa. Da dare barcin ba ya nisa, wani lokaci ma ihu yake yi yana kai naushi. Shi ne take tambaya: duk abu ɗaya ne? In ta sayo masa maganin barci ya samu dare mai kyau, gajiyar za ta tafi?

'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki da alheri. Kada ki sayo ƙwayar tukuna. Abu biyu kika ɗaure da igiya ɗaya, kuma ni ma haka na yi shekarun da na yi jinyar kawuna a Marwa, sai daga baya na gane gajiya daban, jin barci daban, duk da suna zaune a jiki ɗaya.

Gwajin ba ya buƙatar ko dala. Ki shimfiɗa masa tabarma a inuwa da rana, a kori yara, a ba shi minti 20. Mai jin barci zai tafi kafin ki gama wanke kwanuka, in ya farka kuma za ki ga ya ɗan warware. Mai gajiya zai kwanta ido biyu yana kallon rufi, ya tashi yadda ya kwanta. Kawuna yakan ce ji yake kamar ya yi dakon buhun gero daga kasuwa, alhali daga ɗaki zuwa zaure kawai ya je. Wannan ita ce gajiyar Parkinson: ba aiki ne ya kawo ta ba, hutu kuma ba ya korar ta. Tana kama kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu cutar, tana iya riga karkarwar bayyana da shekaru, kuma ba ta bin girman karkarwar. Wani hannunsa da ƙyar yake rawa amma gajiya ta gama da shi. Wani lokaci a kai take, mutum ya kasa bin hira ko lissafin shago.

Ta wajen asali ma sun raba hanya. Gyangyaɗin rana yawanci yana da mai shi da za a iya nunawa da yatsa, kuma na farko da nake zargi shi ne maganin da yake sha. Cutar tana faruwa ne saboda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu yin sinadarin dofamin suna mutuwa a hankali. Lebodofa, wanda kike gani a kwalin Modopar ko Sinemet, shi ke cike gurbin, kuma yana iya sa barci. Amma waɗanda suka fi shi a nan su ne masu kwaikwayon dofamin, irin su Trivastal da Sifrol da Requip. A 1999 likitoci a Amurka suka ba da rahoton marasa lafiya masu shan irin waɗannan da barci ya sace su suna tuƙi, wasu ba tare da wata alama ba. Saboda haka in Baba yana hawa babur ko yana tuƙa mota, a karɓi makulli har ya ga likita. Na san karɓe wa dattijo makulli ba ƙaramin aiki ba ne, ki nemi ƙaninsa ko amininsa ya yi maganar. Sai dai kada a tsayar da maganin Parkinson kwatsam don an ga yana sa barci. Yanke shi lokaci ɗaya na iya kawo sanƙarewar jiki da zazzaɓi mai haɗari. Likita ne zai rage ko ya sauya.

Mai laifi na biyu shi ne daren kansa, kuma nan ne ya kamata ki sa ido sosai. Ƙarfin maganin yamma yakan ƙare tsakar dare, jiki ya yi tauri, mutum ya kasa juyawa a shimfiɗa, sai ya farka da ciwon kafaɗa ko murɗewar yatsun ƙafa. Fitsari yana tayar da shi sau uku, sau huɗu. Wani ƙafafunsa ne ba sa yarda su natsu da zarar ya kwanta, sai ya miƙe ya taka, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana ƙara wannan. Wani minshari yake yi numfashi na ɗaukewa. Ki ɗora zafin Garwa na Maris da Afrilu a kai, lokacin da ake haura 40 a ma'auni, bango yana fitar da zafi har asuba, ga sauro. Wa zai yi irin wannan dare bai yi gyangyaɗi da rana ba?

Ihu da naushin da kika ambata suna da nasu bayanin. Lokacin da lafiyayye yake mafarki, ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓinsa don kada ya aikata abin da yake gani. A masu Parkinson da yawa wannan ɗaurin ya kwance, sai mutum ya yi faɗan mafarkinsa da hannu da ƙafa. Likitoci a jihar Minesota ta Amurka ne suka fara bayyana shi a 1986, kuma yakan riga karkarwa zuwa da shekaru. A gidanmu an fara cewa iska ce. Addu'ar kwanciya a ci gaba da yi, amma a sauke katifa ƙasa, a kawar da wuƙa da fitila da kaskon wuta na lokacin sanyi, jikoki su daina kwana gefensa, Mama kuma ta ɗan ja shimfiɗarta. Likita na iya rubuta melatonin ko ƙaramin awo na Rivotril, bayan ya auna ko jikin zai ɗauka.

Gajiya kuwa ba ta da mai shi guda. Wani kasonta daga cutar ne kai tsaye, kuma babu ƙwayar da ke share ta tas. Abin da ake yi shi ne a tono waɗanda suka fake a bayanta. Na farko faɗuwar jini in an miƙe: a auna jininsa a kwance, a sake aunawa cikin minti 3 da tsayuwarsa. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, an kama ɓarawo ɗaya. Cutar da magungunanta duka suna kawo haka, zafi da ƙarancin shan ruwa kuma suna ƙara masa ƙarfi. Sai ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro ke bari a baya, da ciwon suga, da matsalar maƙoƙo. Sai baƙin ciki mai nauyi, wanda dattijo ba zai taɓa cewa yana da shi ba, "na gaji" kawai zai ce. Ki lura ko ya daina zuwa majalisa, ko rediyonsa ya yi kwanaki a kashe.

Akwai kuma gajiya mai zuwa da agogo, tana sauka gab da lokacin shan magani, ta ɗaga bayan an sha. Wannan ƙarewar ƙarfin lebodofa ce. Nama da kifi da wake da nono suna gogayya da shi wajen shiga jiki, don haka wanda ya kora ƙwayar da kindirmo ya rage mata ƙarfi. A sha da ruwa minti 30 kafin abinci ko awa ɗaya bayansa. Ƙwayar ƙarin jini ma a raba ta da lebodofa da awa biyu.

To ki ga inda ƙwayar barci za ta faɗa. Ga gajiya ba ta da abin yi, sai ma ta ƙara kasala da safe. Ga gyangyaɗi tana iya ƙara shi, don irin su Valium suna daɗewa a jikin tsoho. Mutumin da ƙafarsa ke liƙewa a ƙasa, ya tashi fitsari ƙarfe uku da maye a kansa, faɗuwa ce ke jiransa, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru ba wasa ba ce. Haka goro da shayi: suna ɗan buɗe idon mai jin barci, amma ba sa taɓa gajiya, in kuma aka wuce La'asar ana sha, daren ne zai biya.

Abin da ya yi wa kawuna amfani ta ɓangaren gajiya zai ba ki mamaki, tafiya ce. Bayan Asuba, kafin rana ta yi zafi, ya zagaya unguwa da rakiya, aikin da ke buƙatar ƙarfi kuma a ajiye shi lokacin da magani ke kan aiki. Ta ɓangaren barci kuma, ƙailula ɗaya wadda ba ta wuce minti 30 ba, ruwa da yawa da rana a rage bayan Magariba, bokiti kusa da shimfiɗa, da zanen gado mai santsi don juyawa ta yi sauƙi.

Ƙwararrun likitocin jijiya da ƙwaƙwalwa a Kamaru sun fi yawa a Yawunde da Duwala, in an samu ganinsu kuma lokacin gajere ne. Ki sayi ƙaramin littafi, ki yi mako biyu kina rubuta lokacin shan kowane magani, lokacin da ya ce ya gaji, lokacin da barci ya kwashe shi da gaske, da sau nawa ya tashi da dare. Mama ce za ta ba ki labarin dare. Ranar zuwa asibiti ki zuba duk kwalayen magani a leda, har na gargajiya da na mura da aka saya a kanti, ki miƙa wa likita tare da littafin.