Gargaɗi ga masu motocin tsere: damfarar "tunda an sauke giya, a canza kuloci"

Masu motocin tsere masu giyar hannu, ku yi hattara da wata cuta da wasu garejoji da masu tallan safaya a Facebook da WhatsApp ke yi. Abin da ya sa take ci shi ne, a kan shawara ta gaskiya aka ɗora ta.

Shawarar kowa ya san ta: in babban aiki ya sa an sauke giyabos, a canza kuloci a lokacin, kar a biya kuɗin saukewa sau biyu. A Porsche Boxster ta 1997 zuwa 2004 da 911 samfurin 996, ba a isa ga boris ɗin IMS (wata sanda a cikin inji da ke kai juyi daga karanshaf zuwa kamshaf) ko sil ɗin bayan karanshaf (robar da ke hana baƙin mai zubowa) sai an sauke giya, an kwance kuloci, an cire filawil, wato babban faifan ƙarfe na bayan inji da kuloci ke kamawa. A Nissan 350Z daga 2007 da 370Z, silindar da ke tura kuloci tana can cikin ƙoƙon giya, ranar da ta fara yoyon mai dole giya ta sauka. Bakaniken da ya ce a haɗa da kuloci bai yi ƙarya ba. Sai dai shi ma ya san cewa da zarar giya ta koma mazauninta, babu idon da zai sake ganin abin da ke ciki sai an sake biyan aikin yini guda.

Mafi sauƙin cutar ita ce kuɗin aiki. Za ka ga an rubuta maka kuɗin canza sil daban, kuɗin canza kuloci daban, kowanne da cikakken farashinsa. Alhali kulocin dole a kwance shi kafin a kai ga sil ɗin, dole kuma a mayar da wani, tsoho ko sabo. Ƙarin aikin bai wuce canza boris ɗin rilis (wanda ke danna kuloci in ka taka) da share sandar giya ba. Giya ɗaya aka sauke, kuɗin saukewa ɗaya za ka biya.

Wadda ta fi ciwo ita ce ta kaya. Cikakken saitin kuloci abu uku ne: faifai mai fata, murfin da ke matse shi, da boris ɗin rilis. Ka biya kuɗin ukun, a nuna maka kwali sabo fil na kamfanin Sachs ko LuK ko Exedy, ka tafi hankali kwance. Bayan ka juya baya a sa faifan kaɗai, ko ma a wanke tsohon da fetur a mayar, sabon ya koma shago a sake sayar da shi. In ka nemi tsofaffin kayanka, a kwaso maka na wata mota daga bayan gareji. Wanda bai san lambar kayansa ba, duk baƙin ƙarfe ɗaya ne a idonsa.

Akwai kuma tsohon da aka yi wa wanka aka sa a kwali. Wannan gani ya kori ji, ka ɗauke shi a hannunka ka fita da shi rana. Dubi yatsun murfin, waɗannan ƙarafan da suka taru a tsakiya: inda boris ke taɓa su, tsoho yana da zobe mai sheƙi ko ɗan kwari da farce zai ji ko an shafa fenti, sabo babu komai. Juya shi ka dubi fuskar da ke matse faifai. Ta sabo layukan injin masana'anta ne a jere sumul, ta wankakke kuwa zanen samfefa ne ta ko'ina, wani lokaci da tabon shuɗi na zafi da bai gogu ba. Ramukan kusoshi ma suna tona asiri, domin duk inda kan kusa ya taɓa zama yana barin da'ira. A faifai, duba ƙusoshin da suka riƙe fatar: na masana'anta girmansu ɗaya, sun nutse daidai, na wanda aka sake wa fata da hannu wani ya baje wani ya karkace. Sa faifan a sandar giya ka murɗa hagu da dama. In yana ƙwas-ƙwas, haƙoran tsakiyarsa sun ci. Lambar da ke jikin kwali kuma ta zama tana cikin kundin kamfanin a kan motarka da shekararta, ba "ai duk ɗaya ne, yana shiga" ba.

Babban kuɗin yana kan filawil. Waɗannan motocin Porsche da Nissan filawil ɗinsu mai ɓari biyu ne, da sifirin da giris a tsakani, aikinsa shanye girgizar inji kafin ta isa giya, kuma sau da yawa ya fi saitin kulocin kansa tsada. Ta fuska biyu ake cuta a nan. Ko a ce maka naka ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau, a karɓi kuɗin sabo, a goge naka a mayar. Ko a karɓi kuɗin mai ɓari biyu a sa maka dunƙulallen ƙarfe mai araha. Na biyun ya fi muni, saboda faifan da aka yi don mai ɓari biyu galibi ba shi da manyan sifirin a tsakiyarsa. In aka haɗa shi da dunƙulallen filawil, babu abin da ya rage da zai shanye bugun inji. Mota za ta riƙa kaf-kaf a sulo kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ka taka kuloci ƙarar ta ɗauke, ka saki ta dawo, haƙoran giya na shan wahala a banza.

Kafin ka yarda cewa filawil ya mutu, a gwada shi a gabanka yana jikin inji. A murɗa ɓarin waje da hannu: ɗan wasa daidai ne, amma in ya tafi da nisa babu turjiya, ko yana ƙara kamar yashi, ko ya ƙi motsi gaba ɗaya, ya gama. Giris da ya fantsamo, tsagewa a fuska, da shuɗin da ya mamaye ko'ina, su ma hujja ne. Iyakar wasan ta bambanta daga lamba zuwa lamba, kamfanin ya rubuta ta, bakanike na gari zai nuna maka. Wanda ya ce zai kai mai ɓari biyu wurin mai injin yanka ya gyara fuskarsa, ɗauke motarka.

Ƙananan kaya ma ana rubuta su ba a sa ba. Kusoshin filawil na Porsche guda 8 ne, irin masu miƙewa in an ɗaure, sau ɗaya ake amfani da su. Haka sil ɗin karanshaf: in aka bar tsohon yana ɗigo, baƙin mai zai jiƙa sabuwar fata cikin 'yan watanni, kuloci ya fara zamewa, a ce maka ƙafarka ce ba ta iya tuƙi ba. A Nissan kuwa, sabon kuloci da tsohuwar silinda kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Wani abu kuma a gefe: Boxster da Cayman da Carrera daga ƙirar 2009 injinsu ba shi da IMS sam. Duk wanda ya rubuta maka kuɗin canza shi a irin wannan mota, ba sai ka duba sauran takardar ba.

Masu tallan intanet salonsu ɗaya: hoton kwali mai kyau, rabin farashi, "saura ɗaya", a turo kuɗi kafin a sa a mota. Kwali ba kaya ba ne, ana sayen fanko a garejoji. Ka nemi bidiyon kayan a waje da lambarsu a fili, ka biya bayan wanda ka yarda da shi ya riƙe su a hannu. Kayan Beljiyam ba laifi ba ne in an faɗa maka haka aka kuma sa musu farashinsu, ko da yake sa tsohon kuloci a aikin da ke cin yini guda ba dabara ba ce.

Kariyarka duk tana cikin sa'o'in da giya ke ƙasa. A rubuta kowane kaya da lambarsa da farashinsa kafin ka ba da kafin alƙalami. Ranar kwancewa ka je, ko ka tura wanda ya san aiki, a cire tsofaffin a gabansa su shiga but ɗinka nan take. Sababbin ka sa musu alamarka da alƙalamin fenti a gefen murfi da gefen filawil, ban da fuskar da fata ke taɓawa, sannan a ɗauki hotonsu a ɗaure jikin inji, alamar na fitowa, kafin a ɗaga giya. Bakanike mai gaskiya wannan ba ya ɓata masa rai.

In an riga an rufe, gwajin da ya rage shi ne na titi. Bayan kamar kilomita 800 na tuƙin cikin gari a hankali, sa giya ta 4 ko ta 5, allurar inji na wajen 2,000, ka taka totur har ƙasa. In allura ta haura gudu bai ƙaru ba, ko mota na karkarwa wajen tashi, ko kuloci na kamawa can sama kamar yadda yake kafin aikin, koma da rasidinka ka ce a sauke giyar a gabanka, a rubuta tun kafin a taɓa sifana wanda zai biya in aka tarar da tsohon kaya.