Ofishin 'yan mazan jiya na gunduma: yadda suka taya mu gyara kwanan wata a takardar sallamar Yaya

Duk wanda ya yi aikin soja a Amurka kuma ya ga kuskure a takardarsa ta sallama, shawarata ita ce ya fara da ofishin kula da tsofaffin sojoji na gundumarsa kafin ya ciro ko sisi ya ba wani. Mu can muka je da yayana, aikin ya yi kyau, ba su karɓi komai a hannunmu ba. Akwai inda suka gaza, zan faɗa, amma bari in fara da abin da ya kai mu.

Takardar da ake magana a kai ita ce DD 214. Shafi ɗaya ce, amma kusan duk wani haƙƙin tsohon soja a kanta yake rataye: kuɗin makaranta, rancen sayen gida, asibiti, diyyar rauni, har fifiko wajen ɗaukar aikin gwamnati. Gurbi na 12 shi ne na lissafin lokaci. 12a ranar shiga aiki, 12b ranar fita, 12c jimillar abin da mutum ya yi tsakaninsu, 12f kuma zaman da ya yi a ƙasar waje. A takardar Yaya, akawun da ya buga ta ya sa ranar da ya isa barikinsa na farko a matsayin ranar shiga, ya zubar da duk watannin da ya yi yana kurtu. Sannan gurbi na 18, inda ake rubuta ƙarin bayani, babu ko kalma ɗaya kan zuwansa Afganistan.

Wani zai ce ai 'yan watanni ne, mene ne abin ta da jijiyar wuya. To, a tsarin GI Bill na bayan harin 11 ga Satumba 2001, wato tallafin karatu da gwamnati ke ba tsofaffin sojoji, wanda ya cika wata 36 yana aiki shi ke samun kashi 100 cikin 100. Wanda ya tsaya tsakanin wata 30 da 36 kashi 90 zai samu, ragowar kuɗin makarantar daga aljihunsa. Yaya ya haura shekara uku a zahiri, amma a takarda bai kai ba. Ɗaya ɓangaren ya fi wannan nauyi. Dokar PACT ta 2022 ta ce sojan da ya yi aiki a Afganistan daga 11 ga Satumba 2001 zuwa gaba, ana ɗauka ya shaƙi hayaƙin ramukan da ake ƙona shara a sansanoni, don haka idan ya kamu da wasu cututtuka, ciki har da fuka da aka gano bayan ya bar aiki, ba sai ya wahala wajen tabbatar da cewa aikin ne ya jawo ba. Yaya yana fama da fuka. Takardar da ya kamata ta nuna ya taka ƙasar kuwa ta yi shiru.

Kafin mu je ofishin, wani kamfani da muka gani a Facebook ya kira shi a waya, da daɗin baki, wai za su gama komai cikin ɗan lokaci idan ya yarda su yanki wani kaso daga abin da zai samu. Ya ce mini, "Kai ƙanena, ko mu ba su ne kawai mu huta?" Na ce, "Yaya, bari dai mu ji ta bakin na gwamnati tukuna, in ya so sai mu dawo kansu." Ba mu koma ba.

Jami'in da muka samu shi ma tsohon soja ne, dattijo mai ƙarancin magana. Abin da ya fara burge ni shi ne bai tsaya jin labari ba. Yaya ya ɗauko zance tun daga ranar da ya yi rantsuwa, mutumin ya ɗaga hannu ya ce ya yarda da shi, amma waɗanda za su duba maganar ba su san shi ba, takarda kawai suke karantawa. Ya yi mana bayanin cewa a ƙa'ida ana ɗaukar abin da ke cikin bayanan gwamnati a matsayin daidai, mai ƙorafi ne zai kawo hujjar da ta rinjaya. Ba wanda zai tashi ya yi maka bincike.

Sai ya ɗauko farar takarda ya rubuta mana abin da yake so: kwantiragin shiga soja, wato fom DD 4, wanda ke ɗauke da ainihin ranar, takardar umarnin tura shi Afganistan da ta dawowa, takardar lambar yabon da aka ba shi a can, sai takardun albashi na wata-wata. A kan waɗannan na ƙarshe ya fi matsawa. Ya ce takardar albashi tana nuna ranar da aka fara lissafa wa soja aiki, kuma watannin da yake fagen daga za a ga alawus ɗin haɗari a jikinta, ga kuma harajin da aka ɗauke masa. Matar Yaya ce ta fito da su daga wata tsohuwar jaka da ke ƙarƙashin gado, wasu sun yi ja, ɗaya ma da shatin kofin shayi a kanta. Da tsohuwar zuma ake magani. Jami'in ya shimfiɗa su a tebur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da alƙalami mai launin ruwan ɗorawa yana shafa kan kowane kwanan wata, a kan kwafi, ba a kan na asali ba. Ya gargaɗe mu kada mu kuskura mu aika na asali ta gidan waya.

Nan ne kuma na ga amfanin wanda ya san hanya. Da mu kaɗai ne, fom ɗin da ya fara fito mana a intanet za mu cike, alhali hanyoyin sun bambanta. DD 293 na wanda yake so a sauya masa nau'in sallama ne ko dalilinta, kuma cikin shekara 15 da fita, bai shafi kwanan wata ba. DD 149 shi ke zuwa ga hukumar gyaran bayanan soja, wadda fararen hula ke zama a cikinta su yanke hukunci, kuma ana so a shigar da shi cikin shekara 3 daga lokacin da mutum ya gano kuskuren, duk da cewa suna iya ɗaga ƙafa idan adalci ya buƙaci haka. Sai dai hukumar tana so ka fara gwada ƙananan ƙofofi kafin ka zo gare ta. Ga sojan ƙasa da ya fita daga Oktoban 2002 zuwa yau, bayanansa suna hannun sashen ma'aikata na rundunar a Fort Knox, jihar Kentaki, don haka can ya fara aika wasiƙarmu da hujjojin. Ya ce idan suka ƙi, sai mu hau sama da DD 149, kuma mu shirya haƙuri, don doka ta ba hukumar wata 10 ta kammala kashi 90 na ƙararrakin da ke gabanta, sauran kuma har wata 18.

Mu ba mu kai can ba. Bayan wasu watanni aka aiko da DD 215, 'yar takardar gyara da ake haɗawa da ta farko, an daidaita 12a da 12c, an kuma rubuta zaman Afganistan da ranakunsa.

Wani dattijo da muka zauna kusa da shi a ɗakin jira bai yi irin sa'armu ba. Takardun mahaifinsa na zamanin yaƙin Koriya yake nema, su kuwa irin waɗannan a cibiyar ajiyar bayanan soja da ke birnin St. Louis suke, inda gobarar 12 ga Yulin 1973 ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 da 18. Na sojan ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960, kusan kashi 80 sun ƙone. Shi sai dai a harhaɗa masa daga rajistar albashi da ta asibiti.

Yanzu ga inda ofishin ya gaza. Mutum ɗaya ne ke riƙe da gunduma guda, saboda haka samun ranar ganinsa aiki ne. Suna buɗewa ne a lokacin da kowa yake wurin nema, Yaya kuwa direban babbar mota ne, kowane zuwa asarar yini ce. Waya ba a cika ɗauka ba, ka bar saƙo sai Allah ya yi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da zarar an aika takardun, babu mai kiranka ya ce ga inda aka kwana. Kai ne za ka riƙa bibiya. Da jami'in ya faɗa mana haka tun farko, da ba mu zauna muna jiran kiran da ba zai zo ba.

Duk da haka, da takardar gyaran ta iso bai bar mu a nan ba. Ya ce kada mu ɗauka ma'aikatar tsofaffin sojoji za ta sake lissafi da kanta, shi ya aika musu kwafi, ya kuma cike wa Yaya fom 20-0995 na neman a sake duba maganar fukarsa bisa sabuwar hujja. Kuɗin makarantar an mayar da shi kashi 100, Yaya ya yi rajistar karatun gyaran injin dizal. Maganar diyya tana gabansu har yanzu.

Wanda gundumarsa ba ta da irin wannan ofis, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji kamar American Legion da DAV da VFW suna da jami'an da ke yin aikin kyauta, ko kai ba ɗan ƙungiyar ba ne. Ka je da kwafi biyu na kowace takarda, ka nemi a ba ka kwafin duk abin da aka aika da sunanka, kuma ka tambayi jami'in wace rana ce ya fi zama a ofis.