Wata takwas da Odoo a injin casar shinkafarmu

Ni ne akawu a wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa a nan Gombe. Muna sayo shanshera daga wajen Dadin Kowa, mu gyara, mu ɗinke a buhuna, 'yan kasuwa su zo su ɗiba. Kafin bara littafi uku ne ke riƙe da harkar: na mai awo, na sito, da nawa. Akwai kuma na huɗu da ya fi su ƙarfi, wato bakin Alhaji, mai kamfanin. Idan ya ce "a ba shi buhu ashirin, zai kawo", magana ta ƙare, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Babban ɗansa ne ya matsa sai an sa mana Odoo. Manhaja ce daga ƙasar Beljiyam, Fabien Pinckaers ya fara ta a 2005 da sunan TinyERP, sai a 2014 ta koma Odoo. Tana cikin waɗanda ake kira ERP, masu haɗa saye da sayarwa da sito da kuɗi a wuri ɗaya. Akwai ta kyauta, Community, akwai kuma ta biya, Enterprise. Mu ta kyautar muka ɗauka, muka biya wani matashi ya ɗora mana.

Abin da ya fi amfanata ba a kwamfuta ya faru ba. Satin farko yaron nan bai ko kunna ta ba. Kwali ya manna a bango, ya ce mu zana masa tafiyar buhu ɗaya tun daga saukowarsa a mota har kuɗinsa ya shiga banki. Ya ce sunan zanen BPMN: da'ira ce farkon aiki da ƙarshensa, akwati aiki ne guda, daiman irin na karta kuma wurin yanke shawara, e ko a'a. Kowane ma'aikaci da nasa layin, kamar kunyar gona. Da farko na ɗauka wasan yara ne da kuɗin Alhaji.

Muna isa tsakanin sikeli da ƙofar sito sai zane ya cije. Yaron ya tambaya, "Baba, wa ke rage nauyin danshi idan shanshera ba ta bushe ba?" Baba mai sito ya nuna mai awo. Mai awo ya ce shi tun da ya fara aiki ya ɗauka a sito ake ragewa. Ɗakin ya yi tsit. Ashe shekara da shekaru muna sayen ruwa da kuɗin shinkafa, ni kuma kullum ina zargin injin da cin kaya. Ranar aka ƙara akwati ɗaya a kwalin: a gwada danshi, mai awo ya sa hannu, sannan a buɗe sito.

Ita manhajar kanta tana da tsari. Ciniki na farawa da takardar farashi, ta koma oda, odar ta haifi takardar fitar da kaya, sannan takardar biya. Ba na sake kwafe komai sau biyu. Harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, sau ɗaya ake saita kayan da yake hawa da waɗanda ba ya hawa. Na fi jin daɗin ɓangaren sarrafawa: na shigar da shanshera kilo kaza, ta nuna min tsabar da ta fita, da gutsattsari, da ɓuntu. Idan aikin dare ya ba da ƙasa da na rana, da safe nake gani, ba sai ƙarshen wata ba.

Wahalar daga wajen mutane ta zo. Wanda ya ɗora mana ya koyar da mu kwana uku, ya karɓi cikon kuɗinsa, wayarsa ta daina shiga. Baba mai sito ba ya jin Turanci sosai, sai da na rubuta masa matakan da Hausa na liƙa a gefen allon. Ranar da intanet ya ɗauke kuwa mota na bakin ƙofa, littafi muke komawa, da daddare in zauna ina shigarwa. Duk mai niyya ya tanadi sola da layin intanet biyu kafin ya fara, ya kuma riƙe wani abu daga kuɗin mai ɗorawa har a yi wata uku ana aiki.

Sai batun bashi. A zanen mun sa daiman: wanda ake bin sa tsohon bashi ba za a fitar masa da kaya ba sai Alhaji ya amince a rubuce. Ya riƙe wannan doka sati biyu cur. Da wani aminin nasa daga Kumo ya zo, sai ya leƙo ofis ya ce, "Malam akawu, kwamfutarka ba ta san mutunci ba, a loda masa." Aka loda. Bambancin kawai, yanzu buhu talatin ɗin suna nan a rubuce da sunan mutumin da ranar da ya ɗauka, kuma duk Asabar Alhaji da kansa yake cewa in buɗo masa shafin ya gani.